Kirfa, Hulba da Kurkum: Shin Za Su Iya Tsaya wa Mai Ciwon Sukari a Madadin Maganin Asibiti?

"Assalamu alaikum, Likita. Ni mace ce mai shekara 54, kuma shekara bakwai ke nan ina fama da ciwon sukari nau'i na biyu. Ina shan metformin da glibenclamide. A gwajin da na yi watan jiya an ce HbA1c ɗina 8.2 ne, kolestarol ma ya hau, har aka ƙara min wata ƙwaya mai suna atorvastatin. Gaskiya na gaji da yawan ƙwayoyi. Wata 'yar'uwata ta kawo min wani kafso da aka haɗa da kirfa, hulba, kurkum da tafarnuwa, an rubuta a jikinsa cewa yana saukar da sukari da kitsen jini gaba ɗaya. Zan iya shan sa in bar atorvastatin ɗin? Idan kuma ya karɓe ni, zan iya rage sauran?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki ladan haƙuri, domin duk wanda ya shekara bakwai yana haɗiyar ƙwayoyi safe da yamma ya san gajiyar da kike faɗa gaskiya ce. Da na karanta wasiƙarki sai na ga tambayoyi uku ne a dunƙule. Akwai tambayar ko waɗannan kayan ƙamshi suna da wani tasiri na haƙiƙa a kan sukari da kolestarol, akwai kuma tambayar ko tasirin ya kai girman da zai sa a ajiye maganin asibiti. Ta ukun ba ki furta ta ba, amma ita ta fi damuna, wato ko akwai haɗari a haɗa wannan kafso da magungunan da kike sha yanzu. Amsar da zan ba ki tun daga farko ita ce, wasu daga cikinsu suna ɗan taɓa sukarin jini, amma babu ko ɗaya da aka nuna yana yin aikin da atorvastatin ke yi, kuma a halin da kike ciki, musamman da yake kina shan glibenclamide, bai kamata ki fara shi ba sai likitanki ya ga kwalbar da idonsa. Bari in warware miki dalilan.

Abin da lambobinki ke faɗa

Kalma ɗaya ta tsaya min a wasiƙarki, inda kika ce "idan ya karɓe ni". A cututtuka da dama jiki yana iya shaida wa mutum ko magani ya karɓe shi, amma a waɗannan biyun jiki ba amintaccen mashaidi ba ne. Mutum na iya yawo shekara goma da kolestarol mai yawa ba tare da ko ciwon kai ba, sukari kuma kan iya zama sama da ƙa'ida alhali mai shi yana jin garau. Saboda haka gwaji kaɗai ne ke iya faɗin ko wani abu ya yi aiki, kuma gwaje-gwajen ma ba darajarsu ɗaya ba. Awon yatsa na safe yana canzawa da abin da aka ci daren jiya, da rashin barci, da ɓacin rai, da zazzaɓi. Shi kuwa HbA1c yana auna yawan sukarin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke rayuwa kimanin kwana 120, don haka yana ba da matsakaicin halin da sukari ya kasance cikin wata biyu zuwa ukun da suka wuce. Daga 6.5 zuwa sama ake cewa mutum na da ciwon sukari, kuma ga mafi yawan manya ana so a riƙe shi ƙasa da 7. Babban binciken da aka yi a Birtaniya mai suna UKPDS ya nuna cewa duk saukar maki ɗaya a HbA1c na tafiya da raguwar kusan kashi 37 cikin 100 na lalacewar ƙananan jijiyoyin jini, wato waɗanda ke ciyar da ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Sai dai a lura, ga mai sikila ko mai ƙarancin jini sosai wannan gwaji na iya yaudara, kuma akan nemi wata hanyar awo.

Naki 8.2 ne alhali kina kan magani iri biyu. Ma'anar wannan ita ce maganin da kike sha bai ma isa ba tukuna, ballantana a yi maganar ragewa.

Ta ɓangaren kolestarol, hanta ce ke ƙera mafi yawansa, abinci ƙari yake yi. Nau'in da ake kira LDL shi ne wanda ke kutsawa cikin bangon jijiyoyin jini ya taru a hankali, har wata rana tarin ya fashe, jini ya daskare a wurin, a samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Ciwon sukari na ƙara dagula lamarin, domin yakan sa kitsen da ake kira tiragilisarayid ya hau, HDL mai kwashe kolestarol ya ragu, ƙwayoyin LDL kuma su ƙanƙance yadda za su fi saurin shiga bangon jijiya. Wannan ne ya sa ciwon zuciya da shanyewar jiki suka fi komai kashe masu ciwon sukari nau'i na biyu, kuma shi ya sa ake ba mafi yawan masu ciwon da suka kai shekara 40 maganin statin, wato dangin magungunan rage kolestarol da atorvastatin ke cikinsu, ko da kolestarol ɗinsu bai yi wani tashin a-zo-a-gani ba.

Kirfa

Da kirfa zan fara, domin a kanta aka fi surutu, kuma asalin surutun sananne ne. A shekarar 2003 mujallar Diabetes Care ta buga wani bincike da aka yi a Pakistan a kan mutum 60 masu ciwon sukari nau'i na biyu. An ba wasu giram 1, wasu 3, wasu 6 na kirfa kullum har kwana 40, wasu kuma aka ba su kafson da babu kirfa a ciki. Sakamakon ya ba kowa mamaki: sukarin safe ya sauka da kashi 18 zuwa 29 cikin 100, LDL da kashi 7 zuwa 27, tiragilisarayid da kashi 23 zuwa 30. Masu tallan kirfa kan kafa hujja da wannan bincike. Abin da tallan ba ya faɗa shi ne, binciken ƙarami ne, bai auna HbA1c ba, kuma waɗanda suka sake gwadawa a wasu ƙasashe ba su samu irin wannan saukar ba, wasunsu ma ba su ga komai ba.

A 2012 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara bincike-binciken da aka yi a kan magani ta tace su, ta duba gwaje-gwaje 10 da suka ƙunshi mutum 577, ta ce babu isasshiyar hujjar da za a ce kirfa na maganin ciwon sukari. Shekara guda bayan haka wani nazarin na daban ya tattara gwaje-gwaje 10 ya ga sukarin safe ya sauka da kimanin 24 mg/dL, wato ma'aunin da ake auna sukarin jini da shi, amma HbA1c bai motsa yadda za a dogara da shi ba. Ni a fahimtata wannan shi ne hoton kirfa na gaskiya: tana iya gyara lambar safe kaɗan a wurin wasu, amma awon da ke hasashen makomar ido da ƙoda ba ta nuna ƙarfi a kansa ba. A kwatanta da metformin, wanda shi kaɗai kan saukar da HbA1c da maki 1 zuwa 1.5. Ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ma, a ƙa'idojin da take sabuntawa duk shekara, ba ta ba da shawarar a sha kirfa ko kurkum don gyara sukari ba.

Akwai wani abu kuma da mutane ƙalilan suka sani, wato kirfa iri biyu ce. Akwai ta Siri Lanka, mai siririn ɓawo da ke naɗe falle-falle yana rugurgujewa a hannu, akwai kuma wadda ake kira kasiya, mai kauri da duhu da zafin ɗanɗano, wadda ake nomawa a Sin da Indonesiya da Biyetnam. Kasiya ce ta cika kasuwannin duniya saboda ta fi araha, kuma tana ɗauke da wani sinadari mai suna kumarin da yawa, wanda ke iya cutar da hantar wasu mutane. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa kada abin da mutum ke ci na kumarin kullum ya wuce miligiram 0.1 a kan kowane kilo na nauyinsa. Mai nauyin kilo 60 ke nan iyakarsa miligiram 6, kuma hukumar tantance haɗurra ta Jamus ta lissafa cewa giram 2 na kasiya mai matsakaicin kumarin ya isa ya kai shi wannan iyaka. Giram 2 bai cika cokalin shayi ɗaya ba. Wanda ke barbaɗa kirfa a abinci jefi-jefi ba shi da abin tsoro, amma mai shan giram 3 ko 6 kullum na tsawon watanni ya shiga wani lissafi daban, kuma yawancin kwalabe ba sa faɗin wace iri ce aka zuba a ciki.

Hulba, da 'yan'uwanta a taƙaice

Idan aka ce in zaɓi wadda hujjarta ta fi zauna min a hankali cikin huɗun nan, hulba zan ɗauka, saboda yadda take aiki a bayyane yake. Duk wanda ya taɓa jiƙa ta ya ga yauƙin da take fitarwa. Wannan yauƙi idan ya shiga ciki yana rage saurin fitar abinci daga tumbi, yana jinkirta shigar sukari cikin jini, kuma yana kama wani ɓangare na ruwan maɗaciya ya fita da shi, abin da ke tilasta wa hanta ta ɗebi kolestarol ta ƙera sabo. Wani nazari na 2014 da ya tattara gwaje-gwaje 10 ya ga sukarin safe ya sauka da kusan 1 mmol/L, wato kimanin 18 mg/dL, HbA1c kuma da kimanin maki 0.85, amma marubutan da kansu sun ce yawancin gwaje-gwajen ba su da inganci sosai, kuma an ga amfanin ne a wurin masu shan giram 5 ko fiye a rana. A nan ne kafson 'yar'uwarki zai gaza. Kafso ɗaya yawanci rabin giram ne, kuma an raba wannan rabin tsakanin abu huɗu, don haka hulbar da ke ciki ba ta kai ko kusa da adadin da aka gwada ba.

Hulba na kawo kumburin ciki da tusa da zawo ga wasu, tana sa gumi da fitsari su ɗauki wani wari na musamman, kuma yauƙin nata na iya hana wasu magunguna shiga jiki yadda ya kamata, shi ya sa ake so a bar tazarar awa biyu tsakaninta da ƙwayoyi. Wanda gyaɗa ke tayar masa da borin jini ya yi hattara da ita domin danginsu ɗaya, mai ciki kuma ta guji shan ta da yawa.

Citta da habbatus sauda ba sa cikin kwalbarki, amma na san za a kawo miki su nan gaba. Labarinsu kusan ɗaya ne: ƙananan gwaje-gwaje na 'yan watanni, masu mutane kaɗan, sun nuna ɗan sauƙi a sukari da kitsen jini, kuma babu wanda ya bi mutane shekaru ya ƙirga nawa suka tsira daga bugun zuciya.

Kurkum da hanta

Sinadarin da ake nema a kurkum sunansa kurkumin, kuma bai fi kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na garin ba. Binciken da ya fi jan hankali a kansa an yi shi ne a Tailan, aka buga a 2012: mutum 240 da sukarinsu ya fara hawa amma bai kai matakin ciwo ba, aka bi su wata 9, sai kashi 16.4 cikin 100 na waɗanda ba su sha kurkumin ba suka kamu da ciwon, a ɗaya rukunin kuwa babu ko mutum ɗaya. Sakamako ne mai daɗin ji, sai dai a kan masu jiran kamuwa aka yi shi, ba a kan wadda ta shekara bakwai da ciwon ba, kuma bincike guda ba ya wadatarwa.

Damuwata da kurkum ta wata fuska ce. A yanayinsa na asali kurkumin ba ya shiga jini sosai, mafi yawansa wucewa yake yi ta hanji, wanda hakan ma wata kariya ce. Masu ƙera kafso sai suka gano cewa idan aka haɗa shi da fiferin, sinadarin da ke ba masoro zafinsa, shigarsa jini na iya ninkuwa har sau ashirin. Tun da irin waɗannan haɗe-haɗe suka yawaita aka fara samun rahotannin ciwon hanta. Hukumomin Italiya sun tattara irin waɗannan rahotanni a 2019, wata cibiyar bincike a Amurka mai bin diddigin illar magunguna ga hanta ta ba da rahoton mutum 10 a 2022, ɗaya daga cikinsu ya rasu, hukumar magunguna ta Ostareliya kuma ta fitar da gargaɗi a 2023. Abin ba ya faruwa da yawa, amma idan ya faru babba ne, kuma yawancin masu ciwon sukari nau'i na biyu da ma hantarsu na ɗauke da kitse. A tara kasiya da kurkumin mai fiferin a kafso ɗaya, a ɗora wa irin wannan hanta kullum, tsorona kada garin neman gira a rasa ido. Ga wata matsala ta aiki kuma: yanzu kika fara atorvastatin, idan kika fara kafson a lokaci guda sannan gwajin hanta ya tashi, likita zai fi zargin statin ya tsayar da shi, ki rasa maganin da ke kare zuciyarki a kan laifin da wataƙila ba nasa ba ne. Mai tsakuwar maɗaciya ma an fi so ya bar kafson kurkum.

Tafarnuwa da maganar barin atorvastatin

Nan ne zuciyar tambayarki, kuma abin farin ciki an yi gwajin da ya yi kama da ita ƙwarai. A 2022 masu bincike a asibitin Cleveland Clinic da ke Amurka suka raba mutum 190 rukuni-rukuni, suka ba wani rukuni miligiram 5 na rosuvastatin, wato ƙaramin awo na wani statin ɗan'uwan naki, wani rukuni ƙwayar da ba ta ɗauke da magani, sauran kuma ɗaya daga cikin abubuwa shida da ake sayarwa don kolestarol, ciki har da kirfa da tafarnuwa da kurkum da man kifi. Bayan kwana 28, LDL na masu shan statin ya sauka da kusan kashi 38 cikin 100, a cikin shidan kuwa babu wanda ya fi ƙwayar banza saukar da shi, na masu shan tafarnuwa ma ɗan hawa ya yi. Adalci ya sa in faɗa miki cewa kamfanin da ke ƙera rosuvastatin ne ya ɗauki nauyin binciken, kwanakin sun yi kaɗan, rukunonin ma ƙanana ne. Amma tun a 2007 jami'ar Stanford ta gwada ɗanyar tafarnuwa da kafsonta iri biyu a kan mutum 192 har wata 6, ba ta ga LDL ya sauka ba.

Ko da a ce wani kafso ya saukar da lambar, akwai sauran aiki, domin ba don lamba ake shan statin ba, don kada jijiya ta toshe ake shan sa, kuma wannan an ƙirga shi da rayukan mutane. A binciken CARDS da aka buga a 2004, an ba mutum 2,838 masu ciwon sukari nau'i na biyu waɗanda ba su taɓa ciwon zuciya ba ko dai miligiram 10 na atorvastatin ko ƙwayar banza. Bugun zuciya da shanyewar jiki da makamantansu suka ragu da kashi 37 cikin 100, har aka tsayar da binciken kimanin shekara biyu kafin wa'adinsa saboda ba daidai ba ne a ci gaba da hana rabin mutanen maganin. Babu wani kayan ƙamshi da yake da irin wannan shaida. Idan tsoron ciwon tsoka ne ke sa ki ɗari-ɗari, ki sani yana faruwa ga wasu, kuma akan warware shi da rage awo ko canza nau'i. Gaskiya ne kuma statin na ɗan ɗaga sukari, amma ɗagawar ƙarama ce idan aka auna ta da kariyar da yake bayarwa.

Kada ki ɗauka ina raina tsirrai ne. Metformin ɗin da kike sha tushensa wani tsiro ne da Turawa suka daɗe suna magani da shi mai suna Galega, wanda sinadarinsa na asali ya yi guba da yawa, sai da aka gyara shi kafin wani likita a Faransa, Jean Sterne, ya fara ba marasa lafiya a 1957. Statin na farko kuma daga wata fumfuna Akira Endo ya ciro shi a Japan a shekarun 1970. Bambancin da ke tsakaninsu da kafson kwalba shi ne an ware sinadarin, an san awonsa a kowace ƙwaya, an kuma gwada shi a kan dubban mutane.

Me ke cikin kwalbar?

Duk bayanin da na yi a sama na yi shi ne bisa zaton abin da aka rubuta a jikin kwalbar shi ne a ciki, kuma wannan zato ba kullum yake tabbata ba. A ƙasashe da yawa ana yi wa irin waɗannan kayayyaki rajista a matsayin ƙarin abinci, ba magani ba. A Amurka, alal misali, dokar 1994 ba ta wajabta wa mai ƙera su ya tabbatar suna aiki kafin ya kai su kasuwa ba. Lambar rajista a jikin kwalba na da amfaninta, amma ba shaida ba ce cewa abin na saukar da sukari. A 2013 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni 15 masu sayar da kayan ciwon sukari ba bisa ƙa'ida ba, kuma an sha kama kayayyakin da aka rubuta wa "na tsirrai zalla" ɗauke da glibenclamide ko metformin a ɓoye. An kuma samu gubar dalma a garin kurkum a Bangaladesh, inda ake zuba wani launi mai dalma don ya ƙara masa rawaya, a 2023 kuma aka gano dalma a kirfar da aka saka cikin wani abincin yara a Amurka. Sayen garin da ba a san tushensa ba cinikin biri a sama ne.

Wannan ya kawo ni ga glibenclamide. Shi tilasta wa jiki yake yi ya fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, don haka yana cikin magungunan da suka fi jefa mutum cikin faɗuwar sukari. Ba na manta wani dattijo da iyalinsa suka kawo mana da sassafe yana gumi, maganarsa ta harɗe, suna kuka sun ɗauka shanyewar jiki ce. Da muka auna sukarinsa bai kai 45 mg/dL ba. Muka ɗura masa gulukos ya farfaɗo, sai da muka riƙe shi ya kwana domin maganin na daɗewa a jiki. Ashe ƙodarsa ta fara rauni, glibenclamide na taruwa, ga shi kuma ya yi sati biyu yana shan wani haɗin gari da bai faɗa wa kowa ba, yana murna lambar safe ta yi kyau. Tun daga ranar, duk mai gaya min wani haɗi ya faɗar masa da sukari warwas cikin kwana uku, ba murna nake taya shi ba, kwalbar nake cewa ya kawo, domin kirfa da hulba na gaskiya ba su da wannan ƙarfin.

Idan duk da haka kina son gwadawa

Ba na hana majinyatana gwaji, domin na lura wanda aka hana yakan sha a ɓoye, kuma ɓoyewar ta fi shan haɗari. Sharaɗina shi ne a yi shi yadda za a koyi wani abu. Ki fara ba atorvastatin wata biyu zuwa uku shi kaɗai, a sake auna kolestarol da hanta, a san inda aka tsaya. Bayan nan ki zaɓi abu ɗaya tilo, ba haɗin abu huɗu ba, domin idan haɗi ya yi amfani ko ya yi illa ba za a san wanne ne ba. Da ni ce zan zaɓa miki, hulba ce tsabarta daga tushen da aka amince da shi, a fara da kaɗan tare da abinci, ko kuma kirfar Siri Lanka. Kada ki rage ko ƙwaya ɗaya da kanki. A makonni biyun farko ki yawaita awon yatsa, har da kafin kwanciya barci. Idan kika ji rawar jiki, gumi, bugawar ƙirji ko yunwa mai tsanani, ko awo ya nuna ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, ki sha babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, ki sake awo bayan minti 15, ki kuma sanar da likita a ranar. Idan ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki ya kama ƙaiƙayi ko tashin zuciya ya ƙi tafiya, ki tsayar nan take ki je asibiti. Bayan wata uku a maimaita HbA1c, kuma tun kafin a fara ku yanke da likitanki cewa idan bai sauka da aƙalla rabin maki ba za a bar shi, don kada son zuciya ya fassara sakamakon. Mai shan warfarin ko wani maganin tsinka jini, da wanda za a yi wa tiyata nan da sati biyu, su nisanci kafson tafarnuwa da kurkum da citta da hulba, domin suna iya ƙara zubar jini. Mai ciwon sukari nau'i na ɗaya kuwa babu wani tsiro da zai tsaya masa a madadin insulin ko na kwana ɗaya.

Burinki na ainihi, wato rage yawan ƙwayoyi, yana da hanyoyin da suka fi kafso tabbas. A binciken DiRECT na Birtaniya, kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka sa a tsarin rage ƙiba sun wayi gari bayan shekara guda sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba, a cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86 ne. Waɗanda aka ɗauka ba su wuce shekara 6 da ciwon ba, don haka ba zan yi miki alkawarin irin wannan ba, amma ko rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, tare da tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 150 a mako, na gyara sukari da tiragilisarayid. Akwai kuma ƙwayoyin da aka haɗa magani biyu a guda, da metformin mai sakin kansa a hankali da ake sha sau ɗaya a rana.

Iyakar abin da zan iya daga nesa ke nan, Hajiya, domin ban duba ki ba, kuma shawarar ƙarshe na hannun wanda ke riƙe da katinki, mai ganin awon ƙodarki da hantarki da hawan jininki. Ranar da za ki koma asibiti ki tafi da kwalbar a jaka tare da duk magungunan da kike sha, ki faɗa masa kai tsaye cewa yawan ƙwayoyi ya gajiyar da ke, ki kuma tambaye shi ko lokaci ya yi da za a canza glibenclamide da wani maganin da bai kai shi faɗar da sukari ba, tunda HbA1c na 8.2 da ma yana neman a sake duba tsarin gaba ɗaya. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa.